Bakanike a aji: abin da na gani a kwalejin al'umma ta Bronx

Akwai wata ƙofa a makarantarmu da na yi wata huɗu ina wucewa ta gabanta ban taɓa tura ta ba. Mai gilashi ce, kana hango na ciki: tebura, farin allo a bango, mutane sun duƙufa kan takardu, wani yana nuna wa wani da bakin biro. An manna takarda a jikinta mai ɗauke da ranaku da lokutan buɗewa, a ƙasa kuma an rubuta cewa ba a biyan ko sisi. Ɗakin bitar lissafi ne. Duk Talata da Alhamis idan na fito daga aji kaina ya ɗau zafi, sai in rage tafiya daidai wurin, in leƙa, in gyara jakata a kafaɗa, in wuce. Da zangon karatu ya ƙare a watan Disamba na buɗe sakamakona a waya ina cikin jirgin ƙasa, na ga F a gaban lissafi.

Saboda ƙofar nan nake wannan rubutu. 'Yan uwa da yawa a nan Bronx, cikin birnin New York, 'yan Kano da 'yan Maraɗi da 'yan zangon Kumasi, suna tare ni bayan sallar Juma'a su tambaye ni nawa ake biya da irin takardun da ake nema. Zan faɗi duk wannan. Amma abin da ya kusa kayar da ni ba ya cikin tambayoyinsu.

Ni bakanike ne. Ina shekara 14 mahaifina ya kama hannuna ya damƙa ni ga maigidana a wani gareji kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, da safe boko, da yamma gareji. Duk wanda ya yi yarantar gareji ya san ƙa'idar wurin: ba a koya maka da baki. Shekarar farko wankin kaya ne da fetur a tasa, miƙo sifana mai lamba 10, miƙo mai lamba 12, riƙe fitila. Kana riƙe da fitilar kana kallo, kallon nan shi ne darasinka. Idan ka kuskura ka ce "Oga, me ya sa?", harara za ka samu, in ka taki sa'a ke nan. Maigidana mutumin kirki ne, haka shi ma aka koya masa. Kuma tarbiyyarsa ta yi mini rana, don har yau idan aka tayar da inji ina iya gaya maka daga sama ƙarar take ko daga ƙasa kafin a buɗe bonet. Sai dai tare da kunnen da ya ba ni, na taso da wani abu a raina: yaron kirki ba ya tambaya, kuma nuna ba ka gane ba zubar da girma ne.

Na zo Amurka a 2013. Na yi tuƙin tasi na ɗan lokaci, daga baya na samu aiki a ɗaya daga cikin garejin da suka yi jere a titin Jerome, ƙarƙashin gadar jirgi mai lamba 4. Shekara takwas ina wurin, aikina bai wuce juyen baƙin mai da sauya burki da taya ba. Duk motar da ta zo da fitilar inji a kunne, wani yaro ɗan shekara 24 ake kira. Tun daga 1996 duk motar da ake sayarwa a ƙasar nan tana da wani soket mai haƙora 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar gwaji ta fitar da lambar matsala. Jona na'urar kowa ya iya. Abin da yaron ya fi ni shi ne idan lambar ta fito, yana buɗe taswirar wayoyin motar a kwamfuta, ya ɗauki mita, ya bi waya ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga inda cutar take. Ni kuwa taswirar nan kamar saƙar gizo-gizo nake ganinta. Albashinsa ya kusa ninka nawa. Ranar da na tambaye shi inda ya koya, sai ya nuna mini yamma da hannu, ya ce a kan tudun can, tafiyar minti goma.

Abin da suke kira kwalejin al'umma makaranta ce ta gwamnati ta shekara biyu, da aka gina don mutanen unguwa. Mafi kusa da ita a wajenmu ita ce foliteknik mai ba da difloma, amma da babban bambanci: babu jarrabawar shiga irin ta JAMB, babu neman hanya, babu iyakar shekaru. Kana da takardar gama sakandare, ko ta WAEC ce, ko ka zana jarrabawar GED da take a madadinta, ƙofa a buɗe take. Tsarin ya daɗe. Ta farko ta gwamnati ita ce ta garin Joliet a jihar Ilinoi, a 1901, kuma sunan ya bazu ne bayan rahoton kwamitin da Shugaba Truman ya kafa kan ilimi mai zurfi, wanda ya fito a 1947. Yanzu akwai wajen dubu guda a faɗin ƙasar. A birnin New York guda bakwai ne a ƙarƙashin jami'ar birni, wato CUNY, biyu daga ciki a Bronx: Hostos da ke titi na 149, da tamu, Bronx Community College, da aka kafa a 1957. Idan ka haɗa kiredit, wato awon nauyin darussan da ka ci, wajen 60 za a ba ka ƙaramin digiri. Kana so ka kama aiki da shi, kana so ka ɗauki kiredit ɗinka ka wuce Lehman ko City College ka ƙarasa digirin shekara huɗu.

Kuɗi kuwa, a shekarun da na yi, mazaunin birni da ya ɗauki cikakken karatu, wato kiredit 12 zuwa sama, dala 2,400 ne a zango, ban da wasu ƙananan kuɗaɗe. Mai ɗauka kaɗan-kaɗan dala 210 ne kowane kiredit. Mai katin zama ko ɗan ƙasa yana cike takardar neman tallafin karatu, wato FAFSA, a intanet, idan samunsa bai da yawa ya samu tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wanda ƙololuwarsa ta kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025. Jihar New York ma tana da nata, TAP. Waɗannan biyun kyauta ne, ba a mayarwa. Ina jaddada wannan domin a takardar da za su aiko maka akwai kuma tayin bashi mai ruwa, kuma ba dole ba ne ka karɓa. Ni ban karɓa ba. Wani abokina ɗan Damagaram bai san da wannan hanya ba, ya bi tallar wata makarantar kuɗi da ya gani a cikin jirgi, ya sa hannu a takardar da bai karanta ba. Yau shekara biyar yana biyan bashi, kuma da ya zo neman ci gaba aka ce masa kiredit ɗin can ba sa shiga nan. Duk lokacin da na tuna da shi raina yana ɓaci.

Ranar da na fara zuwa na sauka a tashar Burnside, na hau tudun nan ina haki, baƙin mai a ƙarƙashin faratuna. Na zaci zan tarar da bene guda mai ajujuwa. Sai na tarar da fili mai kusan eka 45, da ciyawa da manyan itatuwa, da wani gini mai ƙubba kamar masallacin Turkawa. Da can harabar jami'ar New York ce, a 1973 ta koma hannun kwalejinmu. Ginin mai ƙubba tsohon laburaren Gould ne, wanda Stanford White ya zana, kuma a 2012 gwamnati ta sa wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa. A bayansa akwai doguwar baranda mai lanƙwasa da ke kallon kogin Harlem, an jera mutum-mutumin tagulla na kawunan manyan mutanen Amurka. A nan nake cin abincina idan ba sanyi. Na saba zama kusa da na George Washington Carver, baƙar fatan da aka haifa cikin bauta ya zama masanin noma, ya yi suna a kan gyaɗa. Ɗan Kano da ya taso yana jin labarin dalar gyaɗa a bakin kakanni, ai dole ya ji mutumin nan kamar na gida.

Ajinmu na yamma daga ƙarfe 6 yake farawa. A gefena na dama wata mata ce 'yar Dominika mai jikoki, tana zuwa da rigar aikin kula da tsofaffi. A bayana wani tsohon soja. Akwai 'yan Gambiya da 'yan Gini da 'yan Bangaladash, akwai yaran da suka gama sakandare bara. Kusan kowa daga wurin aiki ya taho, kusan kowa akwai wanda yake ciyarwa. Wani dattijo direban tasi da muke sallah tare ya ce mini, "Malam, da furfura a gemu za ka koma zaman benci da 'ya'yan cikinka?" Na ce, "Alhaji, ai gemu ba ya hana ilimi." Na faɗa da baki, amma maganarsa ta bi ni har cikin aji. Ita ce take riƙe mini hannu duk lokacin da na so ɗagawa.

A ranar farko kowane malami yana raba wata takarda, silabus, mai shafi huɗu ko biyar. Na ninke tawa na sa a jaka, ban sake dubawa ba. A cikinta kuwa an rubuta komai: ranar kowace jarrabawa, kason makin aikin gida, da sa'o'in da malamin yake zama a ofishinsa kowane mako musamman don ɗalibi ya shigo ya ce ban gane ba. Wannan zaman yana cikin aikin da ake biyansa a kai. Ni a tunanina zuwa ofishin malami sai wanda ya yi laifi ko mai neman alfarma. Farfesan lissafinmu har rubutu ya yi mini a ƙasan takardar gwaji ta biyu, da jan biro, cewa in zo mu gana. Na karanta, kunya ta rufe ni, na koma zama a layin baya. Ban kuma san cewa akwai ranar da idan ka janye daga darasi kafin ta wuce, W za a rubuta maka, wanda ba ya taɓa makinka ba. Tana cikin kalandar makaranta, kowa yana iya gani.

Uwargida ce ta fara ganin fuskata a daren da sakamakon ya fito. Na ce mata na haƙura, boko ba nawa ba ne. Ta bari sai da na ci abinci, sannan ta ce, "Malam, mutum nawa ka tambaya kafin ka faɗi?" Na yi shiru. Ta ce, "To ba ka faɗi ba tukuna. Ka je ka tambaya, in ka sake faɗuwa sai mu san ka faɗi."

A makon farko na zangon bazara na tura ƙofar. Aka ce in goga katina a na'ura, in zauna. Wadda ta zo wajena yarinya ce da ba ta wuce shekara 20 ba, ɗaliba ce ita ma, makaranta na biyanta ta yi wa wasu bita. Ta tambaye ni inda na tsaya. Na buɗe littafi na nuna mata, murya ƙasa-ƙasa, na ce ban san dalilin da ya sa lamba take sauya alama idan ta tsallaka layi biyun nan na alamar daidai (=) ba. Tun ina aji biyu na sakandare nake ɗauke da wannan tambaya. Ba ta yi dariya ba, ba ta ma ɗaga gira ba. Ta tambaye ni sana'ata. Sannan ta zana sikeli mai faranti biyu a takarda, ta ce babu abin da yake tsallakawa ko'ina. Sikeli ne a daidaice, duk abin da ka cire a wannan faranti sai ka cire irinsa a wancan. Ta ba ni biro ta ce in cire 5 a hagu, in cire 5 a dama. Na cire. Harafin ya tsaya shi kaɗai, amsa na kallona. Ta ba ni wani, na yi. Ta ba ni na uku mai raba, na yi. Na ajiye biron na kalli bango na ɗan lokaci, don idona ya kawo ruwa kuma ba na so ta gani. Abin da ya fi shekara ashirin yana tsaye mini a wuya, cikin minti goma sha biyar ya wuce.

Daga ranar, sau uku a mako nake zuwa. Na fara zuwa ofishin farfesa ma, da tambayoyina a rubuce a bayan rasit ɗin gareji. Na ci darasin da B. A tsarin CUNY idan ka maimaita darasin da ka samu F ka ci da C ko sama, F ɗin yana nan a takarda amma ba a lissafa shi cikin matsakaicin makinka. Mai ba ni shawara kan karatu ce ta gaya mini wannan, ita ma sai da na je na zauna a gabanta.

Inda lissafin ya biya ni kuwa a garejin makaranta ne, don sashenmu na fasahar mota yana da nasa, da na'urorin ɗaga mota da injina a kan tebur. A darasin wutar mota malaminmu, tsohon bakanike ne mai kaurin yatsu, ya kawo mota da kik ɗinta ke juyawa da ƙyar kamar mai jin barci. Ya ce me za ku yi? Ni na fara magana, na ce batir. Ya ce auna. Na ɗora mita, ta nuna bolt 12.6, batir a cike. Na ce to kik ne ya mutu. A Ƙofar Ruwa da tuni an aiki yaro kasuwa ya kawo wani. Ya ce kafin ka kashe wa mai mota kuɗi, ɗora baƙar wayar mita a kan ƙafar batir ta ƙasa, mai alamar (-), ja kuma a jikin inji, wani ya murza makulli. Na yi. Mita ta nuna kusan bolt 2. Ya ce daga ina bolt biyu suka fito a wayar da ya kamata ta nuna kusan babu? Ya je allo ya rubuta dokar Ohm, Bajamushen da ya wallafa ta a 1827: ƙarfin wuta daidai yake da yawan wutar da ke gudu sau turjiyar waya. Kik yana jan wajen amfiya 200. Idan tsatsa ta sa wa wayar turjiya ta ohm 0.01 kacal, abin da mita ma da ƙyar za ta gani idan mota na kashe, 200 sau 0.01 ya ba ka bolt 2 da suka zube a hanya. Ya juya lissafin ya ce in fitar da turjiyar da kaina. Sikelin yarinyar nan ne, raba nan, raba can. Muka kwance wayar ƙasa inda ta kama jikin inji, ga wani kore-koren tsatsa a ƙarƙashin noti. Na goge da burushin ƙarfe na ɗaure. Motar ta tashi bugu ɗaya.

A daren na kasa barci ina tuna kik nawa muka cire wa mutane a Kano, masu lafiya ƙalau, muka ce sun mutu. Ba da niyyar cuta ba. Sabon yana tashi ne saboda garin ɗaura shi mun motsa wayar, tsatsar ta kakkaɓe.

A wannan garejin aka koya mana kuma abin da ya shafi rai. Motocin haɗaka masu inji da batir, irin Toyota da suka cika titunan New York a matsayin tasi, batirinsu na wuce bolt 200, kuma duk wayar da ka gani ruwan lemo ta babbar wuta ce. Ba a taɓa ta sai an cire makullin batirin, an jira, an sa safar hannu ta roba mai jure bolt 1,000, an auna an tabbatar. Irin waɗannan motoci suna ta shiga Kano da Kaduna da Yamai a matsayin na hannu. Ina tunanin yaran garejinmu masu silifas da hannu jiƙe da fetur, gabana yana faɗuwa.

Batun littattafai, a nan littafin darasi guda yana iya haura dala ɗari. Kada ka saya a makon farko. Da yawa daga darussa yanzu an yi musu alama tun wajen rajista cewa ba a sayen littafi, malamai suna amfani da na kyauta. Littafin lissafin da na maimaita da shi na OpenStax ne, wani shiri na jami'ar Rice da ke Texas da ya fara a 2012, kuma duk mai intanet a duniya yana iya sauke shi, ko yana Funtuwa ko yana Tawa. Akwai na aljabara, na kimiyyar jiki, na sinadarai, na tattalin arziki. Na tura wa ƙanena da ke koyarwa a wata sakandare a gida, yanzu da shi yake shirya darasi. Wanda kuma dole sai an saya, laburare yakan ajiye kwafi a bayan kanta, ka ba da katinka a ara maka na awa biyu. Sabon laburarenmu, wanda aka buɗe a 2012, yana da ɗakunan da za ku kama ku huɗu ku yi bita, da kwamfutoci, har aron ta tafi-da-gidanka ana bayarwa. Akwai kuma cibiyar rubutu, inda za ka kai maƙalarka ta Ingilishi wani ya zauna da kai jimla bayan jimla. Ba ya gyara maka, tambayarka yake yi me kake son faɗa har ka faɗe shi daidai. Wanda Ingilishinsa bai kai ba gaba ɗaya, musamman 'yan uwanmu na Nijar da suka yi lakwal da Faransanci, akwai shirin CLIP: awa 25 a mako na Ingilishi zalla, da kuɗi kaɗan, kafin ka fara taɓa tallafinka.

Ba kwana ake yi a makarantar ba, don haka rayuwar harabar ta rana ce, mu 'yan yamma gefenta muke samu. Duk da haka na ga abubuwa. A farkon zango ƙungiyoyin ɗalibai suna kafa tebura a fili suna neman mambobi. Akwai ranar da kamfanoni ke zuwa ɗaukar ma'aikata, akwai ranar da manyan jami'o'i ke zuwa zawarcin masu shirin gamawa. A ranar kamfanonin na sa riga mai kwala na je da takardar tarihin aikina da ofishin neman aiki ya taya ni tsarawa, kuma daga nan hanyar aikin da nake yi yanzu ta buɗe. Cibiyar ɗalibai tana ɗauke da sunan Roscoe Brown, wanda ya shugabanci kwalejin daga 1977 zuwa 1993, ɗaya daga matuƙan jirgin yaƙi baƙar fata na Tuskegee a yaƙin duniya na biyu. Gasar gudun da ya assasa har yanzu ana yin ta duk shekara a lokacin bazara, jama'ar unguwa na fitowa da 'ya'yansu.

Sallah ita ce abin da na fi damuwa da shi kafin in shiga. A watan Disamba magariba tana yi tun wajen huɗu da rabi, sai in yi ta kafin aji. Da azumi ya zo a watan Maris, shan ruwa yana faɗawa tsakiyar darasi. A da, da na daure har ƙarfe tara. Wannan karon na je wajen malama tun kafin watan ya kama, na yi mata bayani. Ta ce in fita idan lokaci ya yi, in dawo. A rana ta uku matar nan 'yar Dominika ta lura ina duba agogo, ta taɓa ni ta nuna mini taga, wai rana ta faɗi. Daga ranar ita ce ladanina. Ɗalibai Musulmi sun shirya buɗa-baki na tare, na ci shinkafar 'yan Senegal da sambusar 'yan Yaman a faranti guda. Ranar Idi kuma, dokar ilimi ta jihar New York ta ba ɗalibi haƙƙin rashin zuwa saboda ibada, kuma dole a ba shi damar rama jarrabawa ko aikin da ya wuce shi. Ka dai sanar da wuri, a rubuce.

Akwai ɗakin da ake raba kayan abinci ga ɗalibai, shinkafa, taliya, gwangwanaye, wani lokaci kayan miya. Akwai wurin renon yara ga iyaye masu karatu. Na san mutanenmu da suke cikin matsi na gaske, haya ta ci albashi, gida ana jiran aike, amma sun gwammace su zauna a aji da yunwa da a gan su a layin nan. Na fahimce su sarai, don irin kunyar da ta hana ni tura ƙofa ce. Amma da harajin da ake cire maka duk mako da kuɗin makarantarka ake tafiyar da waɗannan abubuwa. Ba bara ba ce.

Ba zan ɓoye wahalar ba. Da yawa daga waɗanda muka fara tare ba su kai ƙarshe ba, kuma ba don ƙwaƙwalwa ba. An sauya wa wani lokacin aiki, wata mahaifiyarta ta kwanta, wani motarsa ta lalace ya shiga bashi. CUNY tana da shirin ASAP tun 2007, mai ba da katin jirgi da kuɗin littafi da mai shawara da zai riƙa bibiyarka, ya kuma cike giɓin kuɗin makaranta. Da cibiyar bincike ta MDRC ta auna shi, ta samu kashi 40 cikin ɗari na 'yan shirin sun gama cikin shekara uku, a inda sauran suka tsaya a kashi 22. Shiri ne mai kyau ƙwarai, duk saurayi ko budurwar da ke gidan iyaye ina ce musu su shiga da gudu. Sai dai yana son mai cikakken karatu, ni kuwa mai iyali a nan da iyali a Kano ban iya ajiye aiki ba. Darasi biyu, wani zangon uku, haka na riƙa ɗauka. Karatun shekara biyu ya kai ni shekara uku da rabi. Akwai daren da na yi barci a jirgi na wuce tashata har ƙarshen layi a Woodlawn.

Watan jiya da asuba wayata ta yi ƙara, kiran bidiyo ta WhatsApp daga lambar ɗan maigidana. Na ɗauka sai ga fuskar Oga da kansa, gemu ya yi fari fat, a bayansa ina hango rumfar kwanon nan da na yi shekara tara a ƙarƙashinta. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya yi shiru, ya gyara hula. Sannan ya ce akwai wata Corolla da ta kwana uku a wajensa. An sa mata kwamfuta ta fitar da P0171, sun sauya filogi, sun wanke nozul, fitilar ta ƙi mutuwa. Ya ce, "An ce ka yi karatun abin. Me lambar take nufi?"

Na tashi zaune. Na ce, "Oga, cewa take iska ta fi mai yawa. Kafin a sayi komai, a duba robar da ta taso daga gidan iyakilina, wato matatar iska, zuwa inji, a lanƙwasa ta a ga ko ta tsage ta ƙasa." Ya miƙa wa yaro wayar, ya sunkuya da kansa. Ina kallon bayansa da hannun nan da na sani. Can ya ɗago da robar, ya buɗe tsagar da babban yatsa, ya kawo ta daf da kyamara.

Ya ce, "To me ya sa wannan 'yar tsagar za ta kunna fitila?"

Muka yi kusan minti arba'in ina yi masa bayanin na'urar da ke auna iska, yana tsayar da ni yana sake tambaya, yaran garejin sun zagaye shi. Akwai wani ɗan unguwarmu da zai tafi gida bayan Sallah, na riga na sayi mita biyu da safar roba na kai masa ya tafi da su.